Ƙululu a Saiwar Waken Kaka Kadi

Litinin, 18 ga Yuli 1960

Mushe Labo, malamin makarantarmu, ya tafi yau, an mai da shi lakol ɗin Gazawa. Kafin mota ta zo ya aika aka kira ni. Ya ba ni wani littafi mai kauri marar bango, na aikin gona da sanin halittu, da ragowar wannan kaye da nake rubutu a ciki. Ya ce tunda na gama aji shida kuma ba a samu wurin da zan ci gaba ba, kada in bar karatun ya ruɓe a kaina. Ban ce na gode ba. Na so in ce. Bakina ne dai, kullum a gaban manya sai ya ƙulle.

A lakol duk wanda ya yi Hausa sai a rataya masa ƙashin jaki a wuya. Nan kayena ne. Hausa zan yi, in ga mai rataya mini.

Juma'a, 22 ga Yuli

Na kai shafi na sha ɗaya. A hankali nake tafiya, wasu kalmomin ko Mushe bai taɓa faɗa mana su ba.

A gamanar Kaka Kadi, ƴar gonarta, nake karatu, gindin aduwa, in mun gama noma. Kaka ita ta haifi innata, ita ke riƙona tun da inna ta rasu. Babana yana Kumasi shekara uku ke nan. Wansa Baba Nomau shi ke riƙe da gida da gandu, shi ne kuma Sarkin Noman garinmu. Shi ya yanka wa Kaka wannan ƴar gamana a bakin gandu, take shuka wakenta.

Littafin ya ce a cikin ƙasar da za ka ɗiba da yatsu biyu akwai halittu masu rai da suka fi mutanen kasuwar Cadawa yawa, ido ba ya ganinsu. Mikrob sunansu. Na gaya wa Kaka. Ta duba tafin ƙafarta ta ce to Allah ya yafe mata, shekara sittin tana taka jama'a ba sallama.

Laraba, 3 ga Agusta

Yau aka ce ƙasa ta zama tamu, an samu ƴancin kai. Kowa ya tafi Cadawa kallon kiɗa, ni na tsaya da awaki. Baba Nomau ya dawo da ƴar tuta ta takarda ya soke ta a jinkar rumbu. Ya tara gida ya ce daga yau noman ka-ci-ka-kwanta ya ƙare, wanda bai bi maganar malaman gona ba shi ne ke ja wa ƙasa baya. Indo ƴarsa ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ban yi dariya ba, amma saura kaɗan.

Asabar, 13 ga Agusta

Dole in rubuta wannan.

Ranar kasuwar da ta wuce wani malamin gona ya zo Cadawa da manyan hotuna. Da Faransanci ya yi bayani, tafinta na juyawa. Abin da Baba Nomau ya kawo gida shi ne: duk shukar da saiwarta ta yi ƙululu cuta ce mai cinye gonaki, a tuge a ƙone. Tun ran nan yake zagaya gonakin mutane yana tuge-tuge.

Yau da hantsi ya iso kanmu. Ya tuge wake guda a bakin hanya, ya kaɗe ƙasar. Ga su nan, ƴan ƙululu jere a saiwa kamar duwatsun wuya. Ya tuge na biyu, haka. Na uku, haka. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hula ya shafa kai.

"Inna Kadi, ki yi haƙuri. Waken nan ba zai kwana a gonar gidanmu ba."

Kaka ta ce, "To, Sarkin Noma." Shi ke nan abin da ta ce. Ya ce cutar a jinin waken take, in aka bar shi ya yi iri, baɗi duk garin ya ɗauka, kuma a ce daga gidan Sarkin Noma ta fito. Ya ba mu zuwa bayan Juma'a mai zuwa, yana son mai gari ya gani da idonsa tukuna.

Ni ina tsaye da kalmin noma a hannu kamar turmi.

Lahadi, 14 ga Agusta

Waken nan ba irin na kasuwa ba ne. Uwar Kaka ce ta zo da shi daga arewa, ƙulle a bakin zane, shekarar da shanunsu suka mutu suka zauna noma. Fari ne ƙanana, yana nuna da wuri a tukunya, yana yi ko ruwa ya yi ƙaranci. Ba mai shi a garin nan sai ita. Bara ƙwari suka ci rabin irin, bana ta shuka duk abin da ya rage, ko ƙwaya ba ta bari a tulu ba. In aka tuge shi kafin ya bushe, ya ƙare ke nan har abada.

Na ce mata me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce mai cin gonar aro ba ya ɗaga murya. Ta ci gaba da kaɗin audugarta. Zaren ya tsinke mata sau uku ina gani.

Talata, 16 ga Agusta

Shafi na sittin da biyu.

Na tsallake shafuka arba'in ina neman hoton saiwa, na same shi. Ga wake, ga ƙululun, daidai irin namu. Na karanta sau huɗu don kada in ce abin da ba a rubuta ba. Ba cuta ba ce. Ɗakunan mikrob ne. Suna zaune ciki, suna kama wani abinci da ke cikin iska, azot, suna ba waken, in waken ya mutu ƙasa ta ci saura. Littafin ya ce gujiya ma haka. Ya ce in kana son shaida, murza da yatsa: na kirki yana ɓallewa daga jikin saiwa, in ka tsaga shi cikinsa ja ne. Ja alamar suna aiki.

Akwai wani ƙululun na cuta, shafi na casa'in, wata tsutsa ce siririya ke kawo shi. Wannan ba ya ɓallewa, saiwar ce da kanta ke kumbura. Shi malamin gona yake nufi, na tabbata. Tafinta ne ya haɗa su ya dama.

Alhamis, 18 ga Agusta

Na gwada ni kaɗai da askar Kaka. Yana ɓallewa. Cikinsa ja ne kamar ɗanyen nama. Na tsaga goma sha biyu, goma sha ɗaya ja. Na zauna a ƙasa ina dariya, akuya na kallona.

Asabar, 20 ga Agusta

Na kasa tunkarar Baba Nomau, sai na aika Indo. Ta dawo ta ce ya tambaya ko ni ce sabon kwamandan. Na ce ta koma ta ce masa ya duba gujiyarsa, ita ma tana da su, shekara da shekaru yana tuge ta yana gani. Ta dawo da amsa: gujiya a ƙasa take haihuwa, waɗannan ƴaƴanta ne da ba su samu girma ba, kowane yaro ya san haka. Wake kuwa a sama yake haihuwa, me zai kai masa ƙululu ƙasa in ba ciwo ba?

Indo ta ce ta gaji da zama jakar aike, in ina da baki in je da kaina.

Ina da baki.

Alhamis, 25 ga Agusta

Da na sani.

Bayan la'asar maza na zaune gindin tsamiyar masallaci, Baba Nomau ya kai wa mai gari Tsoho saiwoyin. Na ɗauki tasa da saiwa uku da aska da littafin, na tafi. Ban taɓa tsayawa a wurin nan ba, ko wucewa zan yi sai na zagaya ta bayan rijiya. Na durƙusa nesa, na gaishe su. Ba su ji ni ba, sai da Tsoho ya ce in matso, shi kunnensa ya riga shi tsufa.

Na faɗa. Ƙasa nake kallo, amma na faɗa duka, mikrob da iska da komai. Wani ya tambaya ko su waɗannan mutanen na cikin saiwa suna salla. Aka yi dariya. Na ce ga shaida. Na ɓalle guda, na tsaga, na matse a kan farcena, na miƙa hannu.

Dariyar ta tsaya. Wanda ke kusa da ni ya janye ƙafarsa. Na ji wani yana a'uziyya. Wani ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin wake mai jini ba. Baba Nomau bai ɗaga murya ba.

"Kun gani. Ciwo har ya yi jini, ita kuma murna take."

Na ce ba jini ba ne, alamar lafiya ce, ga shi a rubuce. Na buɗe shafin na ɗaga. Mutum goma sha uku a wurin, ba mai karanta shi sai ni. Sai a lokacin na gane takarda ba ta shaida a inda mai ita kaɗai ke jin maganarta.

Tsoho ya karɓi littafin, ya riƙe shi a juye, ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce shi dai bai ga dalilin da yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa za ta zo gaban maza ta yi ƙarya ba. Amma kuma Sarkin Noma ba yaro ba ne. A jira malamin gona, an ce zai zagayo. In har aka gama yankan hatsi bai zo ba, Sarkin Noma ya yi abin da ya ga dama.

Hatsi farkon Oktoba. Waken Kaka ba ya bushewa sai ƙarshensa. Kowa a wurin ya san haka.

Juma'a, 26 ga Agusta

A rijiya mata sun matsa mini fili fiye da yadda tuluna ke bukata.

Lahadi, 28 ga Agusta

Sunana yanzu Tala Mai Jini. Indo ta kawo mini. Ta ce matar liman ta mayar da waken da Kaka ta ba ta bara, wai dama tun da suka ci take jin nauyin ciki. Shekara guda tana jin nauyin ciki ba ta faɗa ba sai yau.

Su faɗa. Ja ne, kuma gobe ma ja ne.

Asabar, 3 ga Satumba

Ina son in gan su da idona. Littafin ya ce sai da madubi na musamman, mikroskop. Na gwada da gindin kwalba. Na gwada da ɗigon ruwa a kan fasasshen gilashin fitila, yana ƙara girman zaren zane, amma jan ruwan nan ja ne kawai, ba abin da ke motsi.

Kaka na kallona. Ta ce, "Ƙawata, kin gan su?" Na ce a'a. Ta ce to shi mai littafin ya gan su? Na ce ai dole. Ta ce ita dai abin da ta sani, hatsi na son inda wake ya kwana, uwarta ta gaya mata, kuma ta gani. Ko waye ke yin aikin a can ƙasa, ba ta taɓa tambayar sunansa ba.

Na ji haushi. Ban san na me ba.

Litinin, 12 ga Satumba

Malamin gona bai zo ba, sai na je. Na ce wa gida za mu kai kuka kasuwa, Indo ta raka ni. Tafiyar awa biyu a rairayi.

Buron malamin, wato ofishinsa, a rufe. Gardin da ke gadin ƙofa ya ce an kira malamin Maradi tun makon ƴancin kai, ana sake rabon ma'aikata, ba wanda ya san ranar dawowarsa ko ma shi za a maido. Na tambaye shi da Faransanci ko zan iya leƙawa ta taga. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya matsa.

Hoton na jikin bango. Saiwa ta kumbura kamar yatsun mai ciwon sanyi, a murɗe, ba kyan gani. Ko kama da namu ba ta yi ba. A ƙasa an rubuta sunan shukar: tumatir. Ko wake ma ba ne!

Duk hanyar dawowa ina gaba Indo na baya tana cewa in rage sauri. Na gaya wa Baba Nomau da kaina, a zaure, tsaye. Ya ce hoto ya gani shi ma, kuma da idonsa biyu. Ya ce saura mako uku.

Alhamis, 15 ga Satumba

Wake ya fara fure. Kaka ta ƙi zuwa ta gani.

Litinin, 19 ga Satumba

Ba na son rubuta wannan.

Akwai kusurwar gamana ta gabas, inda ƙasa ta yi kwari ta yi baƙi. Waken wurin tun watan jiya ganyensa rawaya ne, bai yi yaɗo ba, da rana yana langaɓewa. Na ce ruwa ne ke kwanciya. Yau na tuge guda don in ƙara tara shaida.

Na murza. Bai ɓalle ba. Na sa farce. Saiwar ce da kanta, a kumbure, a murɗe. Na tsaga, fari ne ciki, da tauri. Hoton tagar Cadawa ne a hannuna.

Na tuge shida, duka haka. Na fita daga kwarin taki goma na tuge, wannan lafiya lau, ja. Na auna wurin da ƙafa: taki sha huɗu a tsaye, tara a kwance.

Na haƙa rami na binne su shidan, na tattake.

Talata, 20 ga Satumba

Ba ƙarya na yi ba. Ba wanda ya tambaye ni kusurwar gabas.

Alhamis, 22 ga Satumba

Shafi na casa'in, da ban karanta har ƙarshe ba don na ɗauka ba ruwana da shi. Tsutsar tana kama tumatir da gauta da kuɓewa. Da wake. A ƙasa take zaune, shekara da shekaru. Ba ta shiga ƙwayar iri. Ƙasar ce ke kai ta wani wuri: a bakin kalmi, a ƙafar mutum, a kofaton dabba.

Ke nan irin Kaka ba shi da laifi ko a hakan. Amma wa zai tsaya ya ji rabin maganar nan na biyu? Ina cewa akwai cuta, Baba Nomau zai ce alhamdu lillahi ya ɗauko wuta. Su na gindin tsamiya su ce dama. In ya ga ƙululu iri ɗaya ya ƙone gona, ina ga ya ji iri biyu ne.

Na wanke kalmina da ƙafafuna kafin in shiga sauran gonar. Kaka ta tambaya ko alwala nake wa kalmi. Na ci gaba da wankewa.

Lahadi, 25 ga Satumba

Ƙananan kwanso sun fito, koraye, kamar allura. Wata guda kawai nake nema. In na yi shiru wata guda.

Ba zan faɗa ba. Baba Nomau ya fara kuskure, ya ƙarasa da shi.

Alhamis, 29 ga Satumba

Da sassafe ina tsinkar ganyen miya sai ga Baba Nomau da jaki da mangala da shebur. Ya wuce ni ya nufi kusurwar gabas. Na ɗauka ya gano. Ashe ƙasa ya zo ɗiba. Bana zai yi garka a bakin rijiya, irin ta zamani, tumatir da gauta, ya sayo iri a Cadawa, mutum huɗu sun ce za su karɓi dashe a wurinsa. Baƙar ƙasa yake so ta renon iri. A wurinsa ciwon a jinin wake yake, ƙasa ba ta da laifi.

Na tsaya ina kallo ya cika gefe guda na mangalar. Na ce a raina garkarsa ce, ba tawa ba. Ya fara na biyu. Na tuna mutum huɗu, da garkokinsu, da bakin rijiyar da kowa ke takawa.

"Baba, kada ka ɗauki ƙasar nan."

Ya juyo. Ya ce ko ita ma littafin ya hana.

Na je na tone ramina da hannu. Sun fara ruɓewa, sai na tuge sabo. Na fita kwarin na tuge wani. Na kawo masa biyun, ɗaya a kowane hannu. Na ce ya murza da kansa. Ya murza na dama, ƴan ƙululun suka zube a tafinsa. Ya murza na hagu. Ya ƙara murzawa da ƙarfi har fatar saiwar ta saɓule, ba abin da ya ɓalle.

Na ce wannan ce cutar da ya gani a hoto. Na ce ya yi gaskiya, akwai ta a gonar nan, taki sha huɗu da taki tara. Na ce a ƙasa take, in ya kai ƙasar garka, ya kai ta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana goma."

Na jira faɗa. Bai yi ba, da ya yi ya fi mini sauƙi. Ya tsuguna ya ɗibi ƙasar ya shinshina. Ya ce a wurin nan mahaifinsu ya yi shekara uku yana sa kuɓewa tana mutuwa, har aka ce wurin na da mai shi, aka bar shi. Shi ya manta ma sai yanzu.

"Irin fa?"

Na ce littafin ya ce ba ta shiga iri.

"Littafin ya ce. Ke kin gani?"

Na so in ce i. Kalma ɗaya ce. Na ce ban gani ba.

Ya kwance mangalar ya juye ƙasar inda ya ɗebe ta. Ya kaɗe ta sosai. Ya kalli kofaton jakin, ya kalle ni, na ce shi ma a wanke. Ya ja jakinsa ya tafi, bai ce komai game da waken ba.

Juma'a, 30 ga Satumba

Na gaya wa Kaka abin da na yi. Na ɗauka za ta ce na kashe mata wake. Ta ce in miƙo mata mazari.

Talata, 4 ga Oktoba

An fara yankan hatsi. Baba Nomau ba ya kallona, ba na kallonsa. Indo ta ce jiya ta gan shi a gandu yana tuge gujiya yana murza saiwar da babban yatsa, da ya hango ta sai ya jefar.

Lahadi, 9 ga Oktoba

An ɗaure damin ƙarshe jiya.

Yau bayan azahar hayaƙi ya tashi daga wajen gamana. Kaka ta ajiye abin da take yi ta shiga ɗaki. Ni na ruga, ko mayafi ban ɗauka ba.

Kusurwar gabas ce ke ci. Baba Nomau ya tuge waken wurin duka, ya tara kara a kai, ya sa wuta. Ya ƙara taki uku ta kowane gefe a kan awona, bai yarda da ƙafata ba. Yana jan ƙayar aduwa yana kewaye wurin don dabbobi. Sauran gonar na nan kore, kwanso na lilo.

Na tsaya. Ya ce in ba aikin da nake yi in riƙe masa wancan reshen. Na riƙe. Ƙaya ta soke ni sau biyu ban saki ba. Haka muka gama kewaye wurin.

Da na dawo na gaya wa Kaka daga bakin ƙofa. Daga ciki ta ce wa ya ce mini ta damu, ita barci take.

Asabar, 29 ga Oktoba

Mun yi roron wake. Tiya goma sha tara. Kaka ta zaɓi na iri ƙwaya-ƙwaya, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu biyu, ta liƙe baki da laka. Matar liman ta aiko a sam mata na ɗanɗano. An sam mata.

A rijiya har yanzu Mai Jini ce ni. Na fara amsawa.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Baba Nomau ya yi sallama a sashenmu da yamma, abin da bai saba ba. Ya ce wa Kaka yana son tiya guda ta irin, baɗi zai sa layi biyu a tsakiyar gandu. Ya ce ba don ya yarda ba ne, in littafin ƙarya yake gara shi ya fara sani kafin gari. Kaka ta ce a fasa tulu saboda Sarkin Noma ai ba asara ba ce.

Kafin ya tashi ya ce in karanto masa abin da aka ce game da lokacin shukar wake. Na karanta ina juyawa. An ce kwana goma bayan hatsi ya tsiro. Ya girgiza kai. Ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa noma jigawa ba, a nan sai hatsi ya kai gwiwa an yi masa noman farko, in ba haka ba waken ya yi ta ganye ya shaƙe hatsin. Na ce a rubuce yake. Ya ce to a rubuce aka yi kuskure. Na ce zan duba. Ya ce Alhamis zai dawo mu yi na tumatir.

Ban ce ya zo ba. Ban dai ce kada ya zo ba.

Maganar gwiwar nan na sa ta a gefen shafi na hamsin da takwas, da ƙananan baƙaƙe. Don kada in manta in gwada ne kawai. Na sa sunansa a ƙasa, tunda haka ake yi wa masu littafi.